Ziyolit: dutsen da ke kama guba

Mun san aikin rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. To, akwai dutse mai irin wannan aiki, sunansa ziyolit. A 1756 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya ga yana fid da tururi in an gasa shi, sai ya raɗa masa wannan suna, ma'anarsa "dutse mai tafasa". Ana haƙo shi inda tokar duwatsu masu aman wuta ta daɗe cikin ruwa, ana kuma ƙera shi a masana'anta.

Cikinsa kafofi ne a jere kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu. Abin da ya dace da kafar sai ya shiga ya maƙale, saura ya wuce. Shi ya sa yake da kasuwa. Ana sa shi cikin garin sabulu, matatun man fetur na aiki da shi, kuma shi ke cikin na'urar da ke tace wa maras lafiya iskar oksijin a asibiti. A 2011, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, an tace gurɓataccen ruwa da shi.

Ina ruwan manomi? A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya. Bincike ya gano gubar aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa cikin gujiya da masara masu laima, kuma tana kawo wa mutum kansar hanta. Yau masu haɗa abincin kaji sukan gauraya shi da ziyolit ko wani irin yumɓu, domin su riƙe wani kashi na gubar cikin hanjin kaza, ya fita da kashi.

Amma mu yi hattara. Ba kowane ziyolit ne aboki ba: ƙurar wani irinsa, eriyonit, ta jawo kansar ƙirji a ƙauyen Karain na Turkiyya. Kada mu sha wani gari don an ce yana wanke jini.

Dutse ba ya gyara gujiyar da ta riga ta lalace. Mu tone ta kan lokaci, mu shanya ta bushe ƙayau, mu tsince baƙa da mai ɗaci mu zubar, mu ɗora buhu bisa katako. Rigakafi ya fi magani.