Tsohuwar Jif Mai Tsada: Abin da Za Ka Iya Duba wa Motarka da Hannunka Kafin Ta Kai Ka Gareji

Duk wanda ya bi titunan Takur da safe, lokacin da ma'aikata ke wucewa sakatariya, zai ga jif-jif iri-iri: Lexus RX 350, Prado, GX 470, jefi-jefi kuma Range Rover ko Mercedes ML. Mafi yawansu ba sababbi aka sayo su ba. Sun gama aiki a Amurka ko Kanada ko Turai, sannan aka ɗoro su a jirgin ruwa. Idan motarka daga Amurka ta fito, lambar da ke kan dashbod da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wato motar da ta nuna 150,000 ta riga ta ci wajen kilomita 241,000.

Wannan ba ya nufin motar ta ƙare. Sai dai kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta bai faɗi ba, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace tafiya Kofar Ruwa a Kano neman kaya ta ƙara nauyi a aljihu. Abin daɗin shi ne manyan matsalolin da ke kwantar da irin waɗannan motoci kan fara ne da ƙananan alamu, waɗanda mai mota zai iya gani da idonsa a ƙofar gida.

Iskar da inji ke shaƙa

Injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai. Idan aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Tanki mai lita 70 ke nan iska sama da lita 600,000 ta bi ta cikin injinka.

To wace irin iska ce? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta sauke mana ita. Ƙara da ƙurar ƙananan layukan unguwa da ba a yi wa kwalta ba. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. Idan ya tsallake filtar iska, sai ya gauraya da baƙin mai ya riƙa goge bangon silinda da zoben fistin, kamar yadda ake goge tukunya da yashi. Ƙarshenta inji ya fara shan mai yana hayaƙi.

Buɗe akwatin filtar iska ba ya buƙatar bakanike, maɗauri biyu zuwa huɗu ne. A lokacin hazo ka duba ta duk bayan mako biyu. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta: idan haske ba ya ratsowa, ta gama aiki. Ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filtar, ɓangaren inji. Idan yatsanka ya ɗebo ƙura, to akwai inda take shiga, ko filtar ta yage ko murfin bai zauna daidai ba. Sannan ka guji al'adar kai ta wurin mai faci ya busa mata iska mai ƙarfi. Za ta yi kyau a ido, amma iskar tana yaga ƙananan kofofin takardar, ƙurar da aka sa ta ta tare sai ta samu hanya.

Baƙin mai da zafin bazara

Baƙin mai yana tsufa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin, kuma zafi ne ke hanzarta abin. Ƙa'idar da masana ilimin sinadarai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin lalacewar. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Dutse kan haura digiri 40, man injinka ya fi wahala a kan yadda ya saba a ƙasar da motar ta fito.

Akwai kuma abin da mitar tafiya ba ta ƙirgawa. Motar da ke tsaye a kunne da esi, ana jiran wani ya fito daga banki ko gidan biki, injinta yana aiki amma lambar ba ta motsi. Haka gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, daga Takur zuwa ofis a dawo, ba sa barin mai ya yi zafin da zai kore tururin ruwa da fetur ɗin da ya zurara cikinsa. Littattafan motoci suna kiran ƙura da gajeriyar tafiya da yawan tsayuwa a kunne da aiki mai tsanani, kuma suna rage tazarar canjin mai saboda su. A yanayinmu, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne ma'aunin da ya fi kwanciyar hankali.

Batun kaurin mai kuwa, nan ne ake yawan gardama. Za ka ji ana cewa motar da ta tsufa sai mai kauri, 20W-50. Ka fara duba murfin da ake zuba man, yawanci an rubuta abin da kamfani ya tsara, kamar 5W-30 ko 0W-20. Injunan Toyota da Lexus masu tsarin VVT-i suna amfani da matsin mai, ta cikin hanyoyi ƙanana ƙwarai, wajen daidaita lokacin buɗe bawul. Mai mai kauri yana jinkirin isa waɗannan wurare da safe, kuma a 'yan daƙiƙun farko bayan tayar da mota ne inji ya fi cin kansa.

Duk mako, mota tana tsaye a wuri mai daidaito, inji a kashe na wasu mintuna, ka zaro sandar gwajin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kasance tsakanin alamomin biyu. Idan ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Kar ka sake tayar da motar, kira bakanike.

Lagireto da ruwan burtsatse

Ruwa yana tafasa a digiri 100, a tudu irin na Dutse ma ƙasa da haka kaɗan. Inji kuwa yana aiki ne a wajen digiri 90. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Abu biyu ne ke faɗaɗa ta: sinadarin sanyaya inji da ake haɗawa rabi da rabi da ruwa, da kuma murfin lagireto wanda ke riƙe matsi a ciki. Idan suka haɗu, ruwan ba ya tafasa sai ya wuce digiri 120. Shi ya sa murfin da robarsa ta tsage, duk ƙanƙantarsa, yana iya jawo obahitin a kan hanyar Shuwarin da rana tsaka.

Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana da illa biyu. Ma'adinan da ke cikinsa suna daskarewa idan sun sha zafi, irin farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi, su toshe siraran bututun lagireto. Na biyu, babu abin da ke hana tsatsa a cikinsa, ga shi kawunan injunan nan da alminiyam aka yi su. Jan ruwan Toyota mai ɗaukar dogon lokaci an tsara a fara canza shi a kilomita 160,000, daga nan duk bayan 80,000. Motar da ta zo da kilomita 240,000 ba tare da takardar sabis ba, ka ɗauka kawai lokacin ya yi.

Sai batun tamostat. Kanikawa da yawa suna cire shi, su haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya rufe hanyar lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, a motocin Toyota da yawa wajen digiri 82, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota kuma tana ƙara zuba fetur muddin ta ga bai yi zafi ba. Kai ne za ka biya a gidan mai. Kuma ainihin abin da ya jawo zafin, ko lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ne ya gaji, yana nan ba a taɓa shi ba.

Abin da za ka yi da kanka: da safe kafin a tayar da mota, duba ruwan da ke cikin robar ajiya, matsa manyan tiyo ka ji ko sun bushe ko sun yi laushi fiye da kima, sannan ka nemi jan ɓawo a gefen lagireto da famfon ruwa, alamar yoyo ce. Kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji da zafi. Ruwan da aka zubar kuma a kawar da shi, yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da awaki.

Bel ko sarƙa?

Ka san wanne injinka yake da shi. RX 300 da RX 330 da GX 470 da LX 470 suna aiki ne da bel na roba wajen daidaita motsin bawul da fistin, kuma an tsara canza shi a mil 90,000, kimanin kilomita 145,000. RX 350 da GX 460 da LX 570 sarƙa gare su, wadda lafiyarta ta dogara ga tsaftar mai. A wasu injuna, idan bel ɗin ya tsinke mota na tafe, fistin zai daki bawul, gyara ya koma na sauke inji. Canza shi ba aikin ƙofar gida ba ne. Naka aikin shi ne ka nemi takardar da akan manna a jikin inji mai nuna ranar da aka canza. Idan babu, ka sa a canza.

Birki, taya da batir

Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai a digiri 205, amma idan ya sha ruwa zai iya saukowa zuwa 140. Jif mai nauyin tan biyu ko fiye tana haifar da zafi mai yawa idan aka taka birki daga gudu. Idan man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka birki ya tafi har ƙasa. A canza shi duk shekara biyu. Idan ka ga ya ragu a robarsa, kar ka cika kawai, ko takalmin birki ne ya cinye ko akwai yoyo.

A gefen kowace taya akwai lamba da ta fara da DOT. Lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma tayar kwatano mai kyan zane tana iya zama ta shekara takwas. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ka sayi ɗan ma'aunin iska naka, ka gwada da safe, domin iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya ce za ta riƙa shan wahala.

Batir kuwa zafi ne babban maƙiyinsa. Da ƙaramar mita za ka gane halinsa: cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 mota a kashe, 13.5 zuwa 14.7 idan tana kunne. Farin garin da ke taruwa a kansa ana wanke shi da bekin soda da ruwa, bayan ka fara cire wayar da ke da alamar ragi.

Wutar da ke kan dashbod

Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa a nan ta haɗu da wayarka, ta karanto abin da kwamfutar mota ta gani. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0300 na nufin wuta tana tsallake wasu silinda, sau da yawa fulogi ne ko koyil. P0420 yana nuni ga matatar hayaƙin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Lambar ba ta ce ga kayan da za ka saya ba, inda za a fara bincike take nunawa. Idan wutar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur yana shiga salansa yana ƙona indomin.

Inda hannunka zai tsaya

Man giya na atomatik, jakunkunan iska da ke ɗaga Range Rover, tsarin ruwan da ke ɗaga LX, da duk abin da ya shafi jakar iskar sitiyari, a bar wa wanda ya ƙware. Sai dai ka tsaya a kansa ka ga sunan man da ke jikin galan ya yi daidai da na littafin motar, domin giyar da aka tsara wa WS ba ta karɓar kowane jan mai. Kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. LX 570 ta haura tan biyu da rabi.

Ka ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota. Duk abin da aka canza, rubuta kwanan wata, lambar mita, da sunan man ko kayan da aka sa. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare sau ɗaya a wata, da safe ka duba kalar abin da ya ɗiga: baƙi man inji ne, ja mai santsi man giya ko na sitiyari, ja ko kore mai kama da ruwa na lagireto ne, farin ruwa zalla kuwa na esi ne, ba komai. Da wannan kwalin da littafin za ka shiga gareji kana gaya wa bakanike abin da ka gani da ranar da ya fara.