Madubin Dare: Wanne Ya Dace da Mai Gona?

Jama'a, yanzu ga amfanin gona ya kusa nuna, ga kuwa maɓarnata na dare. Gyado da beguwa suna tonon rogo, manoman kusa da Yankari suna fama da giwaye, na bakin tafkin Dadin Kowa kuwa da dorina. Ɓarawon shanu ma duhu ya ke jira. Saboda haka waɗansu suna tambaya game da madubin da a ke gani da shi cikin duhu. To, iri biyu ne, aikinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na fari shi ne mai ƙara haske. Sojoji suka fara aiki da irinsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana tattara ɗan hasken wata da taurari, ya riɓanya shi sau dubbai, har ka rarrabe akuya da kare. Amma in dare ya yi baƙi ƙirin, sai an kunna masa wata 'yar fitila wadda idon mutum ba ya ganin haskenta. Hayaƙi da hazo suna rage masa ƙarfi.

Na biyu shi ne mai ganin ɗumi. Shi ba ruwansa da haske, zafin jiki ya ke gani. Dabba ko mutum sai ya fito fari fat a duhu, ko da hayaƙi ya tare. Amma ba ya gani ta gilashi ko bango, ba ya kuma nuna fuska sosai. A daren bazara kuwa, sa'ad da duwatsu da ƙasa suka sha rana, hoton ya kan dushe. Ya fi na fari tsada.

Watau mai ɗumi shi ke gaya maka akwai wani abu, mai haske shi ke gaya maka ko mene ne. Mai gona babba, ko mai garke a fili, mai ɗumi ya fi masa. Mai tsaron rumbu ko kanti, wanda ke son ya shaida fuska, ya nemi mai haske.

In za ka sayi mai ɗumi, duba lambar da ke jikin kwalinsa. Mai 384×288 ya fi mai 256×192 fitar da hoto, mai 640×480 ya fi su duka. Tambayi awa nawa batirinsa ke yi, ka kuma gwada shi da dare kafin ka biya. Manoman unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa gadi bi da bi.

Gargaɗi biyu. Ka nemi izinin hukuma tukuna, gama kayan nan sun shafi tsaro, giwa kuma doka ta hana kashe ta. Sa'an nan kada maharbi ya ɗana kunama a kan farin abu don ya ga yana motsi. Wataƙila ɗan maƙwabcinka ne ke neman akuyarsa.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.