Jego A Ƙasar Baƙunci: Halin Matanmu Masu Haihuwa A Ingila

Tun kaka da kakanni Bahaushe bai taɓa ɗaukar haihuwa a kan lamarin mace ɗaya da mijinta ba, domin kuwa tun ciki na wata bakwai, in na fari ne, ake ɗauke yarinya a mayar da ita gaban iyayenta goyon ciki, in kuwa Allah ya sauke ta lafiya sai gida ya taru a kanta kwana arba'in cur: wata na hura wutar ruwan wanka tun kafin assalatu, wata na dama kunu, wata na karɓar jinjiri don uwar ta samu ta runtsa, maƙwabta na ta shigowa barka da sabulu da turmin atamfa. Wannan tsari, wanda ba hukuma ce ta kafa shi ba, ba a kuma rubuta shi a kundi ba, shi ne abin da 'ya'yanmu mata masu haihuwa a Ingila suke wayar gari babu shi, alhali suna kwance a asibitocin da suka fi namu kayan aiki nesa ba kusa ba.

Su kuwa masu haihuwar ba kaɗan ba ne. A shekarar 2022 'yan Nijeriya suka yi tururuwa zuwa jami'o'in Birtaniya neman digiri na biyu, har adadin iyalan da suka rufa musu baya ya yi kankankan da na ɗaliban kansu, wasu kuma suka shiga ta ƙofar aikin jinya da kula da tsofaffi. Ko da gwamnatin can ta toshe hanyar tafiya da iyali ga mafi yawan ɗalibai daga Janairun 2024, waɗanda suka riga suka shiga suna nan a Landan da Manchesta da ƙananan garuruwan jami'a, da yawansu sababbin aure ne, a shekarun haihuwa.

Farkon inda al'adarmu take cin karo da ƙa'idar mutanen can shi ne ranar bayyana ciki. Mu a wurinmu ƙaramin ciki abin ɓoyewa ne, saboda kunya da kuma tsoron bakin mutane, har akan sami wadda ba za ta taka wurin awo ba sai zane ya fara gaza rufe shi. Ita kuwa hukumar lafiyarsu ta NHS, wadda aka kafa tun 1948, so take mace ta gana da ungozoma kafin ciki ya cika mako 10, kuma dalilanta masu ƙarfi ne. Lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne cikin watan farko, shi ya sa ake son mace ta riƙa shan folik asid, maikurogiram 400 kullum, tun kafin ta ɗauki ciki har zuwa mako 12. Wadda ta jinkirta, lokacin amfaninsa mafi girma ya wuce ta. Sa'an nan ga gwajin amosanin jini, wato sikila, wanda ya shafe mu fiye da masu ƙasar, tun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da irinsa ba tare da ciwo ba, in kuwa miji da mata duka suna ɗauke da shi, to kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Bayan wannan akwai hoton ciki sau biyu, wajen mako 12 da wajen mako 20, da zuwa awo kamar sau goma ga mai cikin fari. Wanda ya biya kuɗin lafiya tare da bizarsa ba a cajinsa kome a kan wannan. Wadda ta shiga da bizar ziyara akan rubuta mata lissafi mai nauyi, amma ƙa'idar Ingila ta hana a kori mai ciki ko a jinkirta kula da ita don ba ta biya ba tukuna, kuma ya kamata duk mai tsoron takardu ta san haka.

Amma mas'alar da ta fi damuna ita ce ta shiru. An tarbiyyantar da 'yarmu a kan cewa ihu a lokacin naƙuda abin gori ne, musamman a haihuwar fari, sai ta cije leɓe, ta danne nishi, in an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Wannan dauriya ba ta cika cutarwa a gida ba, saboda akwai tsohuwa a gefe wadda ta san cewa “da sauƙi” a bakin Bahaushiya ladabi ne kawai, ba ta ma jiran amsa, fuska take karantawa, da yadda yarinya ta dafa bango, da yadda ta bar abinci. Ungozomar Ingila kuwa, mai mata da yawa a hannunta cikin dare guda, abin da aka faɗa mata shi take rubutawa. In kin ce da sauƙi, sai ta gode miki ta wuce ɗaki na gaba, ko ma ta ce ki koma gida naƙuda ba ta kankama ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙaramin abu ne. Akwai kwamitin masana mai mazauni a Jami'ar Oxford, ana kiransa MBRRACE, wanda aikinsa bin diddigin kowace mace da ta rasu a Birtaniya ta dalilin ciki ko haihuwa. Rahotonsa na 2018 ya nuna baƙar mace ta ninka Baturiya sau biyar wajen haɗarin mutuwa, rahotannin da suka biyo baya suka sauko zuwa ninki huɗu, sa'an nan kusan uku. Adalci ne a faɗi cewa jimillar masu mutuwar kaɗan ne, wajen mace 13 cikin kowace haihuwa 100,000, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Nijeriya a 2020 ya haura 1,000. Haka kuma adalci ne a faɗi cewa laifin bai rataya a wuyan matan ba, domin da yawansu sun yi magana ba a saurare su ba, su kansu mutanen ƙasar sun yi iƙirarin akwai wariya a ciki. Sai dai in wadda ta yi magana ma tana fama kafin a ji ta, ina ga wadda ta yi gum? Ciwon kai mai tsanani, da ganin walƙiya ko duhu-duhu, da kumburin fuska da hannu farat ɗaya, alamun hawan jinin masu ciki ne wanda kan kai ga jijjiga. Zubar jini, da raguwar motsin ɗa a ciki, su ma ba a kwana da su. Akwai lambar wayar ɗakin haihuwa da ake bai wa kowace mai awo, ana ɗauka dare da rana, wadda kuma Turancinta bai nuna ba tana da haƙƙin a nemo mata tafinta kyauta, har ma ta roƙi mace, don akwai maganar da ba za ta iya faɗa ta bakin mijinta ba. Kunya dai reshe ce ta imani, amma malamai sun daɗe da cewa ba ta hana tambayar addini, kuma ban ga dalilin da zai sa ta hana ceton rai ba.

In an haihu lafiya, sau da yawa ba a cika kwana ɗaya ba ake sallama. Ungozoma takan biyo gida a kwanakin farko, a rana ta biyar a tsaga diddigen jariri a ɗebi ɗigon jini don gwajin wasu cututtuka har da sikila, wajen kwana goma zuwa goma sha huɗu kuma a miƙa su ga wata jami'ar lafiya mai ziyarar gidaje. Duk wannan alheri ne, amma kowace ziyara 'yar sa'a guda ce, ba kuwa mai wanke tukunya a cikinsu. Hutun da doka ta ba uba mako biyu ne, ɗalibi ma ba ya da shi sai abin da malamansa suka ɗaga masa. Masu hali sukan nemo wa uwa ko gwaggo bizar ziyara ta wata shida, wadda ba kullum ake samu ba, saboda haka wajibi ne a fara nema tun ciki na ƙarami. Waɗanda ba su samu ba, dole maigida ya ajiye girman kai ya koyi dama kunu da wanke kunzugu, matan masallaci kuma su raba kwanakin girki a tsakaninsu, kamar yadda wasu jama'armu a can suka fara yi, Allah ya saka musu.

Game da wankan jego da kunun kanwa, waɗanda uwa takan yi ta jaddadawa ta waya, akwai abin da ya dace a sani. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka ba da labarin yawan ciwon zuciya mai kama masu jego a ƙasar Zazzau, wajen mace ɗaya cikin ɗari, suka alaƙanta shi da gishirin kanwa da tsananin zafin ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya fi karkata ga tamowa da hawan jini da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma wanne ya fi rinjaye, mai hawan jini ba ta da abin yi da kanwa, wadda aka yi wa aiki ko ɗinki kuwa ruwa mai ɗumi ya wadatar mata. Ni a ganina albarkar jego tana cikin hutu da abinci mai rai da hannuwa masu yawa. Ganyen darbejiya na wanka shi ne mafi sauƙin rashi a cikin duka. (Kwana arba'in ɗin ma al'ada ce, don a mazhabar Malikiyya iyakar jinin nifasi kwana sittin ne.)

Shayarwa ita ce fagen da mai jego take shiga tsakanin murya biyu. Daga gida ana ce mata, “Ke 'yar nan, wannan yaro ƙishi yake ji, ki ɗiga masa ruwa, nonon naki bai kawo ba.” A waje kuma tana zaune cikin al'ummar da ta fi kusan kowace a duniya saurin yaye: ƙididdigar 2010 ta nuna mata 81 cikin ɗari a Birtaniya sukan fara shayarwa, amma masu kai wata shida da nono zalla ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, madarar gwangwani kuwa ga ta a kowane kanti. Haƙiƙanin lamari shi ne, dakashi, wanda wasu tsofaffinmu suke matsewa su zubar don zaton gurɓatacce ne, shi ne abincin da aka halitta wa kwanakin farko, kaɗan ne don cikin jariri ƙanƙane ne, cike yake kuma da garkuwar jikin uwa. Nono sosai yakan sauko ne wajen rana ta uku, kuma tsotso ne ke kiransa, domin duk sa'ad da jariri ya kama, ƙwaƙwalwar uwa takan saki sinadari biyu, ɗaya na haɗa nonon, ɗaya na tunkuɗo shi. Misalinsa rijiya ce, ɗiba ke sa ta tsatsa. Duk kwalbar da aka cusa a tsakani, an rage tsotso ke nan, gobe nono ya ragu, a ce ai dama bai isa ba. Ma'aunin ƙoshi kuwa a bayyane yake: jariri ya sha aƙalla sau takwas a yini da dare, ya jiƙa kunzugu kamar shida kullum bayan kwana biyar, ya kuma mayar da nauyin haihuwarsa cikin mako biyu zuwa uku. In kan nono yana tsagewa, galibi kamun ne bai yi daidai ba, ungozoma za ta iya gyara shi a zama ɗaya in an nuna mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, ba ko ruwa, a ci gaba kuma tare da abinci har shekara biyu, wanda ya dace da adadin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a tashi mace daga kanti ko mota don tana shayarwa, balle mai mayafi.

Akwai kuma 'yan abubuwan da suka keɓanta da mu. Rana a can rarrauna ce, baƙar fata mai lulluɓi ba ta samun isasshen bitamin D daga gare ta, don haka ake son uwa ta sha, a kuma ɗiga wa jariri mai shan nono tun daga haihuwa. Ciwon shawara ba ya saurin bayyana a baƙar fata, sai a duba farin ido da dasashi a gaban taga. Kayan jarirai da aka aiko daga gida, in an adana su da ƙwallayen kafur, a wanke su sarai, don sinadarinsu yana fasa jinin wasu yaranmu. Zuma kuwa ba a lasa wa yaro sai ya shekara.

Baƙin cikin bayan haihuwa, wanda likitocin can suka ce yana samun fiye da mace ɗaya cikin goma, kaɗaici na rura shi, ga dogon daren hunturu da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Matanmu sukan ɓoye shi don tsoron kada a ce aljanu ne, ko hukuma ta ƙwace ɗa, alhali ciwo ne mai magani, kuma neman maganin hujja ce ta uwa mai kula.

Saura mas'ala guda ta fuƙaha'u, wadda takan faɗo wa iyaye a daren da ba su shirya ba. In an haifi bakwaini, nonon uwa kuma bai kawo ba, asibitocin can sukan ba da shawarar a ba shi nonon da wasu mata suka yi sadaka da shi, bayan an gwada su an kuma dafa shi, domin ya fi madarar gwangwani kare hanjin bakwaini daga wata muguwar cuta mai ruɓar da shi. Nan sai maganar raɗa'a ta taso, tun da a wurin Malikiyya duk abin da ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, ko da sau ɗaya ne, yana haramta aure, saɓanin Shafi'iyya masu sharɗanta sau biyar. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa rumbunan tara irin wannan nono. Majalisar fatawa ta Turai kuwa, a 2004, ta halatta amfani da su saboda larura. Rumbunan Birtaniya suna riƙe da rajistar da za a iya bin sawun kowace kwalba har zuwa ga mai ita, iyaye kuma suna iya roƙon a taƙaita wa ɗansu a kan mace ɗaya in hali ya yi. Duk wadda likita ya gaya wa cewa cikinta na iya zuwa kafin lokaci, gara ita da maigida su kai wannan tambaya ga malaminsu tun tana kan ƙafafunta, su kuma sa ungozoma ta rubuta matsayarsu a takardar awo.