Yadda Hannu Biyu Ke Aiki Tare

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. To, wa ke shirya hannuwan nan biyu har su yi aiki tare ba su saɓa ba? Ƙwaƙwalwa ce.

Ƙwaƙwalwar mutum kashi biyu ce, dama da hagu. Jijiyoyin da ke kai umurni ga hannu suna gicciyewa can wajen ƙeya, saboda haka sashen hagu ke mulkin hannun dama, na dama kuwa hannun hagu. Tsakaninsu akwai wata gada ta jijiyoyi wajen miliyan 200. Ta kanta kowane sashe ke sanar da ɗan'uwansa abin da hannunsa ke ciki.

Ku dubi maginiyar tukwanen nan, marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. In ana ginin tukunya, hannu ɗaya na ciki yana tokare yumɓu, ɗaya na waje yana shafawa. Wannan ya danna da ƙarfi, lalle wancan ya amsa daidai, in ba haka ba tukunya ta karkace.

A Amurka likitoci sun yanke gadar nan ga waɗansu masu farfaɗiya mai tsanani don su sami sauƙi. An ga aikin da suka riga suka saba bai gagare su ba, amma koyon sabon aiki na hannu biyu ya yi musu wuya ƙwarai. Roger Sperry, wanda ya bincika irin mutanen nan, ya sami lambar Nobel a 1981.

Ga abin da ya shafe mu, mu da za mu riƙe aji. Gadar nan ba ta gama ƙosawa sai mutum ya wuce ƙuruciya. Don haka za ka ga yaron aji ɗaya na rubutu, yatsun ɗaya hannun na motsi su kaɗai, ko takarda ta riƙa zame masa. Ba iskanci ba ne, bulala kuwa ba ta gaggauta girman jijiya. Abin da ke taimakonsa shi ne yawan gwaji: ginin yumɓu, tufka igiya, tafi da kiɗa, cafe ƙwallo. 'Yan'uwa, mu ba waɗannan wuri cikin tsarin darussanmu, mu kuma yi haƙuri da ƙanana.