Yadda tsarin zaɓen fid da gwani na Alaska ya tsallake rijiya da baya

A Amurka, jihohi da dama na bai wa jama'a damar kaɗa ƙuri'a kai tsaye kan dokoki. Ta haka ne mutanen Alaska suka karɓe zaɓen fid da gwani daga hannun jam'iyyu a 2020.

Yanzu dukkan 'yan takara na fafatawa a takarda ɗaya. Huɗun farko su wuce babban zaɓe, inda mai ƙuri'a ke jera su bisa fifiko.

A ƙarƙashin tsarin ne Mary Peltola ta Democrat ta kayar da Sarah Palin a 2022, lamarin da ya harzuƙa 'yan Republican da dama.

A 2024, yunƙurin soke shi ya faɗi da tazarar ƙasa da ƙuri'a 1,000.