Jan maraƙi a gidan tarihin Williamsburg

A garin Williamsburg na jihar Bajiniya a Amurka, haihuwar jar saniya labari ne. Maraƙin kan faɗo jiƙe sharkaf, uwar ta dinga lasar sa, cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙe yana tangaɗi yana laluben hantsa don ya sha dakashi. Babu makiyayin da bai san wannan ba. Sai dai shi wannan a gidan tarihi aka haife shi, kuma yana cikin kayan da gidan ke adanawa.

Gidan tarihin, wato Colonial Williamsburg, unguwa ce sukutum. Nan ne babban birnin Bajiniya daga 1699 zuwa 1780, kuma tun 1926 attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya zuba dukiya aka mayar da ita kamanninta na da, har da maƙera da masaƙa cikin tufafin ƙarni na 18. Gini ana iya sake shi, riga ana iya ɗinka ta. Saniyar wancan zamani fa? A 1986 gidan ya buɗe shirin kiwon dabbobin da irinsu ke neman ƙarewa.

Shanun da suke riƙe da su ana ce musu Milking Devon: ja wur, masu fararen ƙahoni da baƙin tsini. Kakanninsu sun taso ne daga yankin Devon na Ingila tare da Turawan da suka zauna a Plymouth ta Amurka a farkon shekarun 1620. Ƙaramin manomi ya samu abin da yake so, domin dabba ɗaya na yi masa aiki uku. A tatse ta a kaɗa man shanu, a dandaƙe namijin ya ja garma da amalanke, in ya tsufa a ci nama. Ga juriyar sanyi, ga haƙuri da ƙaramin kiwo.

Wannan baiwar ce ta zame mata matsala. Tarakta ta karɓe huɗa, masu madara suka koma ga Holstein mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, masu nama suka nemi Angus da Hereford. Ko ƙungiyar masu Devon ɗin, a 1952 ta karkata ga nama zalla. Zuwa shekarun 1970 na asalin da ake tatsa sun ragu ƙwarai.

Abin mamaki, 'yan tarihi na cikin waɗanda suka fara ankara. Da ake shirin bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976, gidajen tarihi irin su Old Sturbridge Village sun nemi dabbobin da suka dace da zamanin da suke nunawa, suka sha wuya. A 1977 aka kafa ƙungiyar da yau ake kira Livestock Conservancy, shekara guda bayan haka masu Milking Devon suka kafa tasu.

Me ya sa ake wannan wahala? Kusan kashi 90 cikin 100 na shanun madarar Amurka Holstein ne, kuma binciken jami'ar Penn State ya nuna kusan duk bijimansu daga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960 suka fito. Jini ya yi kusa haka, cuta ɗaya na iya ratsa garken ƙasa guda. Mai haɗa Bunaji da Friesian don ƙarin nono ya kamata ya ji wannan, haka masu kallon yadda shanun Kuri na tafkin Chadi, masu kumburarrun ƙahoni, ke narkewa cikin sauran shanu ta hanyar barbara.

Shi kuwa maraƙin Williamsburg, idan mace ce za a shigar da ita rajistar irin, a nemo mata bijimin da ba danginta na kusa ba. Namiji kuma akan haɗa shi da tsararsa tun suna ƙanana, a ɗora musu 'yar karkiya daidai wuyansu, a riƙa sauya ta da babba suna girma har su iya jan amalanke a titin garin.