Itacen Girki a Bakin Dajin Rugu

A wani ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana a Jihar Katsina, tun kafin a sallame sallar asuba uwargida ta fara tunanin abin da za ta hura wuta da shi. Karan gero da na dawa da aka tara da kaka yakan ƙare kafin bazara ta yi nisa, domin shi dabbobi ke ci, da shi kuma ake gyaran danga. Daga nan sai saiwar sabara, sai busasshen kashin shanu, wanda gona ce ta fi bukatarsa.

Tsofaffi suna tuna zamanin da yarinya kan fita bayan gari ta dawo da dami kafin hantsi. Yau marke da ƙirya sun tafi birni cikin buhunan gawayi, damina kuma ta koma makara, ta zo da ƙarfi ta zaizaye gona, sannan ta ɗauke ana tsakiyar noma. Itacen kirki da ya rage yana Dajin Rugu, kowa kuwa ya san 'yan bindiga ke kwana a ciki. Uwar da ta aiki 'yarta itace ba ta iya zama sai ta ji sallamarta. Rijiya ma kowace bazara sai an ƙara wa guga igiya, kuma yarinyar da ya kamata tana aji ita ce ke bin layi da jarka.

Abin da ke ci mini rai shi ne, haƙƙin samun ruwa da makamashin girki a rubuce yake. Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka, ta 2003, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, ta ɗora wa gwamnati a sashe na 15 nauyin samar wa mata tsaftataccen ruwan sha da makamashin girki da ƙasar noma. A 2021 an sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi ta Najeriya. Katsina kuma tana cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa don tare hamada ya shafa. Ke nan ruwan burtsatse da murhu mai rage cin itace bashi ne a wuyan hukuma.

Amma idan takin zamani ko irin shuka mai saurin nuna ya iso, sunan maigida ake rubutawa. Matar da aka kashe mijinta a gona, wadda yanzu ita ke noma gayaunarta tana ciyar da marayu, sai dai ta ji labari a bakin maƙwabta. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ma a majalisar maza yake tsayawa, alhali a gidaje da yawa na ƙauyen nan mace ce ke yanke shawarar ko za a shuka tiyar geron da ta rage, ko za a daka ta a yi wa yara kunu.